Tsohon Kaya, Sabon Kaya

A Diobu ta Fatakwal aka yi wannan abu, saura shekara biyu Turawa su tafi. Gimba dillalin albasa ne, kuma kullum damuwarsa buhu nawa ne a sitonsa. Ya yi zane da gawayi a bango, damina ta wanke. Ya koma jefa tsakuwa a ƙwarya, kaji suka kifar. Ya ɗauki akawu, littafi ya ce arba'in, sito ya ce talatin da ɗoyi, don takarda ba ta san ruɓa ba.

Sai ya nufi wani boka a bayan mayanka. Bukka ce mai ƙarni, ƙudaje sun lulluɓe wata tukunya da busasshen jini a wuyanta, an kewaye ta da haƙoran awaki.

Boka ya ce, "Zan ba ka mai tsaron da ba ya ɓatan lissafi, sitonka ba zai ragu ba. Amma yadda kake fitar da kayanka, haka zai fitar da nasa. Wanne kake fara sayarwa?"

Gimba ya yi dariya. "Haba Baba, albasa fa! Ai tsohuwa."

"Da bakinka ka faɗa. Tofa."

Ya tofa yawu a tukunyar.

Shekara ɗaya ya sayi lori biyu, kayansa har Anacha da Inugu. Sai mahaifiyarsa Baiwa ta kumbura, jikinta ya yi laushi, ta rasu tana warin ruɓaɓɓiyar albasa. Yayansa Jumare ya bi ta. Gimba ya duba gidan, ya ga babu sauran wanda ya girme shi, daga shi sai matarsa Ma'u da jaririyarsu.

Ya koma wurin boka a guje. "Baba, a juya lissafin!"

"Ana juyawa, sabon kaya ne zai fara fita. Kwanan 'yarka nawa?"

"Arba'in."

Boka ya turo tukunyar da ƙafa. Wallahi ko jim Gimba bai yi ba, ya tofa.

Jaririyar ba ta kai Juma'a ba. Uwarta Ma'u ta haukace, tana yawo a kasuwa goye da buhu. Tunda kuwa sabon kaya ke fita, tsoho ya zauna. Sito ya ruɓe tun daga ƙasa, baƙin ruwa yana malala titi. Gimba ma haka, shekara tara a kwance, tsutsa na cinsa, mutuwa ta ƙi ɗaukarsa.

Ɗan'uwa, ka ƙirga kayanka da hannunka, in ka yi asara ka haƙura. Wanda haɗama ta kai shi ga tukunyar boka, iyalinsa ya zuba a sito.