Wasiƙar da Reijo Bai Rubuta Ba

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Laraba, wata tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sanda na Gävle, ta kakkaɓe dusar ƙanƙarar da ke kafaɗarta, ta zauna gaban Sufeto Ylva Sandelin ba tare da an ce ta zauna ba.

"Sunana Gunvor Ek. An yi mini sata a ɗakin wanki."

Ylva ta ajiye kofinta. Da mota aka ce an sace, da ta tura matar wajen masu cike fom. Amma ɗakin wanki daban ne. Mu mazauna bene a ƙasar nan ba ma iya kallon idon maƙwabci a matakala, duk faɗanmu a ɗakin wanki muke yin sa, da 'yan takardun gargaɗi marasa sa hannu. Ita kanta Ylva shekara biyu ba ta magana da matar da ke samanta saboda tawul ɗaya.

"Me aka ɗauka?"

"Mayafin tebur, farin lilin. Mahaifiyata ce ta yi masa ado da hannunta. A kansa aka ci abincin bikina da na 'yata, kuma Asabar ɗin nan jikata za ta yi aure."

Lokacin wankinta Talata ne, daga bakwai zuwa goma. Ta shanya mayafin, ta hau sama amsa waya, jikar ta riƙe ta da zancen furanni. Da ta sauko, goma ta wuce da minti bakwai, ɗan makullinta na lantarki ya daina buɗe ƙofa. Kafin rana ta yi tsaka sai ga imel ya shigo wa kowa a benen.

Ta miƙa takarda. Ta buga wasiƙar har kwafi uku, ko da ɗaya zai ɓace.

A sama an rubuta sunan Reijo Kemppainen, mai kula da benen. Wasiƙar ta ce shi Reijo ya sami wani tsumma da ya wuce lokacinsa, ya jefa shi a shara, motar shara kuma ta riga ta tafi. Sakin layi biyar, kowanne da lambarsa. An aiko ta ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in.

"Yau ƙarfe uku kwamitin benenmu zai zauna a kore shi," in ji Gunvor. "Shekara goma sha tara yana aikin nan, saura biyu ya yi ritaya. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Reijo ne ya ɗauko mijina daga hawa na huɗu ranar da ya faɗi."

Ylva ta ɗauki rigar sanyinta, ta leƙa ofishin da ke kusa. "Börje, bar burodin nan. Muna da aiki."

Börje, abokin aikinta mai furfura, ya naɗe ragowar burodin kirfarsa a takarda ya sa a aljihu.

Ɗakin wankin yana ƙasan benen, tsaf kamar asibiti. Allon rajista ya nuna wanda ya kama lokaci bayan Gunvor: Sixten Almlöf, shugaban kwamiti, daga goma zuwa ɗaya.

Börje ya zaro matatar injin busar da kaya. Ba ko ɗigon auduga.

"Kai, wannan lasa aka yi," in ji shi.

Ya tona kwandon shara da biro. Can ƙasa ya zaro dunƙulen audugar kaya mai ruwan hoda, da wasu dogayen fararen gashi na roba a jiki.

"Wa ke da furfurar roba a gidan nan?"

"Sa a leda," in ji Ylva.

Sun sami Reijo a ɗakin kayan aikinsa, ƙato mai faɗin kafaɗa, yana jera sukurori cikin gwangwani kamar mai shirin tafiya.

"Kai ka rubuta wasiƙar nan?"

"A'a."

"Ka ga mayafin?"

"A'a."

"Ina kake jiya ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in?"

"Rufi. Kwasar ƙanƙara."

Ylva ta buɗe taga ta ɗaga kai. Dusar da ke kan rufin ta kai gwiwa, sumul, ko sawun tsuntsu babu.

"Reijo, wannan rufin rabonsa da shebur tun bara."

Kunnuwan Reijo suka yi ja. Ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Sauna," ya ce a ƙarshe, wato ɗakin gasa jiki da tururi na benen.

"A lokacin aiki?"

"Talata ba kowa. Baya ke ciwo."

"Wayarka fa?"

"Ba a shiga da waya."

Ta ce ya nuna mata imel ɗin da ya saba aika wa mutanen bene. Ya buɗe. Na watan jiya ya ce: "Ba ruwa Litinin. Reijo." Na kafin shi: "Ruwa ya dawo."

A matakala Börje ya ce, "Mutumin nan ko ranar aurensa ban ga ya yi sakin layi biyar ba."

"Wannan ba hujja ba ce. Amma na ji ka."

Sixten Almlöf ya buɗe ƙofarsa tun kafin su gama ƙwanƙwasawa. Siriri ne, da tabarau a sarƙa, da fayil a hammata. Ya nuna musu inda za su cire takalmi.

"Abin takaici ne matuƙa," in ji shi. "Doka ta bakwai ta ce kayan da suka wuce lokaci a kwando ake sa su, ba a shara ba. Ni na rubuta dokar."

"Ƙarfe nawa ka sauka jiya?"

"Goma da rabi. Ɗakin shanya wayam na same shi."

"Ka bar rabin awa na lokacinka ya tafi a banza?"

Sixten ya gyara tabarau. "Ina karanta jarida."

"Me ka wanke?"

"Fararen kaya. Zanen gado."

"Su kaɗai?"

"Ylva, ni ba na haɗa fari da mai launi. Tambayi kowa."

Ba wanda ya nemi ganin kwamfutarsa, amma ya juyo musu da ita, ya buɗe manhajar shiga intanet, ya nuna jerin shafukan da ya shiga. Fanko. Ya tsaya yana jiran yabo.

A jikin bango akwai hoton bikin Kirsimetin benen. Börje ya tsaya gabansa ya daɗe, hannu a aljihu.

Daga nan suka hau wajen Gunvor. Ta riga ta dafa kofi.

"Ina son ganin wasiƙar a kwamfutarki," in ji Ylva.

"Ba ga ta na buga miki ba?"

"Takardar nan wasiƙa ce, ba ambulan ba. Ni ambulan nake so."

Gunvor ta buɗe imel ɗin. Nan take wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo, ta kai hannu da sauri.

"Tsaya! Mene ne wannan?"

"Wannan maƙalallen? Wai mai aikowa yana son a sanar da shi na karanta. Kullum A'a nake dannawa. Duk benen nan A'a muke dannawa. Ina ruwan wani da abin da na karanta?"

"Imel ɗin Reijo sun saba zuwa da shi?"

Gunvor ta janye yatsanta. "Ban taɓa lura ba."

Ylva ta ja kujera, ta danna wani wuri, sai allon ya cika da ƙananan layuka masu kama da rubutun likita.

"Zo ka gani, Börje. Sunan da ke sama, wanda ya ce daga wane, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a wurin, kamar bayan ambulan. Amma wasiƙa ba ta tashi ta faɗo kai tsaye. Daga na'ura zuwa na'ura ake miƙa ta, kowace ta buga hatiminta: daga wa na karɓa, ƙarfe nawa. Daga ƙasa ake karantawa zuwa sama."

"To hatimin farko me ya ce?"

"Sha ɗaya da minti arba'in, daga benen nan."

"Shi ke nan mun kama shi!"

"Mun kama gida talatin da shida. Layin intanet ɗaya suke rabawa, daga waje adireshinsu ɗaya ne."

Börje ya huce takaicinsa a kan biskit ɗin Gunvor. Ylva ta ci gaba da gangarawa, layi bayan layi. Can ta tsaya a kan wani. Ta karanta shi sau biyu, ta jingina da kujera.

"Gunvor, za ki zo taron nan da kwamfutarki. Kada ki taɓa akwatin nan kafin lokacin."

Ƙarfe uku daidai ɗakin taro ya cika. Akwai kofi, akwai burodin kirfa, don ko korar mutum za a yi ba a yin ta da yunwa. Sixten ya haɗa kwamfutarsa da majigi, ajandar taro ta fito ɓaro-ɓaro a bango. Batu na huɗu: sallamar mai kula da bene.

Reijo bai jira a kai batu na huɗu ba. Ya ciro tarin makullansa ya ajiye a tsakiyar tebur, ya koma ƙarshen ɗaki ya tsaya, hularsa a hannu. Abin tausayi ne ganin ƙato irinsa yana neman inda zai sa idonsa.

Ylva ta ɗaga hannu.

"'Yan sanda ba sa cikin ajanda," in ji Sixten. "Sai batu na tara, sauran al'amura."

"Minti ɗaya kawai. Gunvor, buɗe wasiƙar. Yau ki danna E."

"Ni? Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ba!"

"Don Reijo."

Gunvor ta ja numfashi, ta runtse ido ɗaya, ta danna.

Ylva ta kalli tebur. Wayar Reijo tana kan tebur kusa da makullan, ba ta ce uffan ba.

Sai kwamfutar Sixten ta yi ƙara, ting! A bango, a saman ajandar, da haruffa masu girman tafin hannu, saƙo ya faɗo: Gunvor Ek ta karanta wasiƙarka.

Wani ya ajiye kofi a hankali.

"Wannan kuskuren na'ura ne," in ji Sixten.

"Na'ura abin da ka ce mata ta yi," in ji Ylva. "Ka shiga akwatin imel ɗinka, ka goge sunanka a sama ka sa na Reijo. Amma tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce ka kunna neman shaidar karantawa, don kada wani ya ce bai ga sanarwarka ba. Wannan layin yana ɓoye a jikin ambulan, kuma adireshinka ne a ciki. Ba wanda ya taɓa amsa maka, shi ya sa ka manta yana nan."

Sixten ya waiwayi maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya. "Ba wanda ya taɓa? Ko sau ɗaya? Na ɗauka abin ne ya lalace."

Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

Börje ya ajiye ledar audugar a tebur. "Wannan kuma gemun Baban Kirsimeti ne. Na gan ka da shi a hoto. Ya yi maka kyau, gaskiya."

"Amma ta tagar sirri na shiga intanet!" in ji Sixten. "An ce ba ta barin sawu!"

"A kwamfutarka ne ba ta bari. Mutanen gidanka take ɓoye wa, ba masu kai wasiƙa ba."

Daga nan ya zube a kujera, komai ya fito. Ƙarfe goma daidai ya shiga, ba goma da rabi ba. Ya ga mayafin, ya sauke shi, ya ɗora a kwandonsa da niyyar kai wa Gunvor har ƙofa tare da takardar gargaɗi. Yana tsara kalmomin gargaɗin a ransa ya juye kwandon gaba ɗaya cikin inji, da jar rigar Baban Kirsimeti, da wando, da gemu, ya kunna ruwan zafi.

"Ni na rubuta dokokin ɗakin nan," ya ce cikin raɗa. "Ta yaya zan tsaya gaban mutane in ce na haɗa fari da ja?"

"Shi ya sa ka zaɓi wanda ba zai iya kare kansa da baki ba," in ji Ylva.

Börje ya hau gidan Sixten ya dawo da jan buhun kyaututtukan Baban Kirsimeti, inda aka ɓoye mayafin. Gunvor ta zaro mayafin ta warware shi a kan tebur. Ruwan hoda ne tun daga wannan gefe har wancan. Ta shafa adon mahaifiyarta da yatsa, idonta ya ciko.

"Jikata ta ce furannin ruwan hoda ne," ta ce daga baya, tana share hanci. "Zancen da ya riƙe ni a waya ke nan. To, ga shi."

"Sixten, ɗauko rigar sanyinka," in ji Ylva. "Ɓoye kayan wata da rubutu da sunan wani, za ka yi mana bayaninsu a ofis."

A bakin ƙofa ya turje. "Ba a rufe taro ba! Wa zai rubuta abin da aka yanke?"

"Ni," in ji Gunvor. "Zan aiko maka ta imel. In akwati ya faɗo, ka danna E."

Börje ya kama shi a gwiwar hannu suka fita.

Gunvor ta tura tarin makullan a kan mayafin har ƙarshen tebur. Reijo ya matso ya ɗauka, ya auna nauyinsu a tafinsa, ya rataya su a ɗamara. Bakinsa ya motsa, mutane suka miƙa wuya don su ji jawabi.

"Na gode," ya ce. Ya ɗan yi tunani, ya ƙara da cewa, "Gobe zan hau rufin."