Sitika a Cikin Hular Kwano

A rumbun abincin unguwa, inda ake raba wa mabuƙata abinci, Odessa Tillery ta fara ganinsa, rungume da kwalaye uku kamar mai ɗauke da filo. Satin wasan taurari ne, lokacin da ake tattaro gwanayen ƙwallon Amurka, wadda ake bugawa da hular kwano, daga kwalejojin ƙasar zuwa garinmu na bakin teku. Da safe su yi atisaye gaban wakilan manyan ƙungiyoyi masu neman 'yan wasa, ranar Talata kuma a raba su asibiti da makarantu da rumbun nan da wasan ke ciyarwa duk shekara.

Sauran sun tsaya ɗaukar hoto. Shi kuwa ya tambaye ta inda ake ajiye wake.

Lamonte Prewitt sunansa, daga wata 'yar kwaleji da ko a taswira sai an sa tabarau kafin a gan ta. Al'adar satin ce 'yan wasa su yi musayar sitikar makarantunsu su liƙa a hular kwano, amma tasa babu mai nema. Ya faɗa mata haka yana dariya, ita kuwa abin ya taɓa ta. Ta ɓare sitikar rumbun, mai hoton tukunya, ta miƙa masa.

"Ga tamu. Ba ma cin kofi, amma muna cika ciki."

Kafin Alhamis sun ci shinkafa da jatan lande sau biyu, ya raɗa mata Uwar Tukunya, saƙonni sun fara kai-komo.

"Uwar Tukunya, yau kocin ya gyara min tsayuwar da na shekara huɗu ina yi ba daidai ba. Wakilai biyu sun tambayi sunana. Ke na fara tunawa."

"Dogo, ci abinci tukuna. Suna ba ya riƙe ƙwallo."

Matsalar ita ce mahaifinta. Cleotis Tillery ya shekara talatin yana gyaran hulunan wasan, kuma ba ya ƙaunar jin zancen soyayyarsu. Ya ce ya san irinsu, samarin sati guda ne, ranar Lahadi jirgi ya kwashe su da alkawuransu. Ga kuma Trevon Askew, tauraron da kowa ke rububin sitikarsa, yana ta aiko mata da furanni. Ta jera su a teburin tsofaffin da ke zuwa karɓar abinci.

Ranar Asabar filin ya cika maƙil. Lamonte ya yi wasan ransa, ya kayar da Trevon har sau biyu, babban allo ya nuno hularsa kusa-kusa. A lokacin ta cika da sitikun manyan makarantu, don sunansa ya fara fita. Odessa ta duba gaba, ta duba baya, babu tukunya. Ranta ya ɓaci. Ta tashi tun ba a busa usur ɗin tashi ba, ta rubuta masa:

"Na ga hularka ta samu manya. Allah ya kiyaye hanya."

Ya kira har ya gaji, ba ta ɗaga ba. Da safiyar Lahadi ya je ɗakin kayan wasa ya ajiye hular gaban tsohon, mahaifin Odessa.

"Yallaɓai, ajiye min. Zan dawo in karɓa."

"Duk haka kuke cewa, ɗana."

Kwana tara Odessa na aiki da kumburarrun idanu. Tsohon yana kallo, yana fama da taurin kansa. Rana ta goma ya kira ta ɗakin kayan, ya kifa hular, ya ɗaga soson goshi. Tukunyar na nan a ciki, an liƙa ta a tsanake.

Ya ce tun safiyar wasan ya gan ta, lokacin da yake ƙara wa hulunan iska, ya yi shiru don yana tsoron a tafi masa da 'yarsa.

"Shekara talatin ina buɗe hulunan nan, 'yata. Na waje don kyamara ake liƙawa. Ban taɓa ganin wanda ya liƙa a ciki ba."

Ta rubuta wa Lamonte: "Dogo, na gani. Ka yafe min."

Amsa ta zo nan take: "Na waje ɓarewa suke in an yi karo. Ban so taki ta ɓare ba."

A watan Afrilu wata ƙungiya ta ɗauke shi a zagayen ƙarshe na zaɓen sababbin 'yan wasa. Bai nufi can ba sai da ya biyo ta garinmu. Tsohon ya hana shi hular, ya ce abu ɗaya za a fitar masa daga gida, ko hular ko 'yarsa, sai yaron ya zaɓa. Lamonte bai ko kalli hular ba.

An ɗaura auren a watan Yuni a cocin unguwa, tsofaffin rumbun suka dafa abincin, suka sa albarka har muryoyinsu suka dushe. Hular tana nan a kan kantar tsohon, a kife. Allah ya bar su tare.