Mai Liƙa Farar Takarda

Dab da faɗuwar rana Odessa Tibbs ta shiga ɗakin karatun garinsu a Ohio. Dillali ya ce wai akwai tsohon tankin mai binne a ƙarƙashin gidan da marigayi mijinta ya bar mata, don haka ta rage farashi. Ta ce ko dala ɗaya ba za ta sauko ba sai ta gani da idonta. Yayarta Vernell, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta, ta baro ta kwance a ɗakin baya.

Lorna mai kula da littattafai ta sauka da ita ɗakin ƙasa, ta buɗe ƙaton littafin taswirar gidajen garin da masu inshorar gobara suka zana tun zamanin kakanni. Ja gidan bulo, rawaya na katako. Ta ce a da in gida ya ƙone, ma'aikacinsu kan zo ya liƙa farar takarda a kan zanensa a littafin, amma an shekara sittin da dainawa.

"Ni ba karatu na zo ba, 'yar nan. Nuna min layinmu, ki tafi harkarki."

Odessa ta bi da yatsa daga coci. Gida na huɗu, rawaya. Babu wani tanki. Ta yi tsaki.

Sai warin kokon liƙa takarda mai tsami. Bayansa ƙaurin hayaƙi.

Shaf. Shaf. Ana goga burushi a gefenta.

Wani dogo ne cikin tsohuwar kwat, girarsa a babbake. Ba ta ji shigowarsa ba. Ya miƙo hannu ta kan kafaɗarta, ya shafe gida na huɗu da farar takarda.

"Malam, gidan nan yana tsaye."

"Na sani," ya ce a hankali. "Sammako na yi."

Vernell!

Odessa ta kafa farce. Takardar zafi kamar kaskon suya. Ya danne tsakiya, ta ja gefe. Kusurwar baya kaɗai ta yage.

Can sama, jiniyar 'yan kwana-kwana ta wuce.

Odessa ta haye matakala da rarrafe.

Gidan ya ƙone ƙurmus, ban da ɗakin baya. An fito da Vernell, ko toka babu a bargonta.

Lorna ta ce farar takardar tana nan a littafin, ta bushe ta yi ja kamar ta shekara sittin, kusurwa ɗaya a yage. Farcen Odessa bai sake tsirowa ba.

Dillali ya dawo da tayin rabin kuɗi. Daga ƙofar ɗakin baya ta nuna masa yatsan, ta ce wanda ya fi shi ma bai samu duka ba.