Igiyar da Sangkala Ya Yanke

A teku, wanda aka jefo wa igiya dole ya cafe. Wanda ya ƙi ba mutum ba ne. Sangkala ya san haka. Amma shekara tara da suka wuce, guguwa ta taso yana jan jirgin ruwan Daeng Rewa, yayan matarsa, sai ya sa wuƙa ya yanke igiyar, teku ta haɗiye jirgin da mai shi. Da ya koma gida ya ce tsinkewa ta yi.

Daren nan Sangkala shi kaɗai ne kan dandamalin gora na kamun kifi a tsakiyar ruwa, kuma kwalekwalen ɗaukarsa sai asuba. Can sai ga jirgi ya shigo hasken fitilarsa, ba iska, ba ƙarar ruwa, sai warin laka.

"Mai fitila, cafe!"

Kafin ya yi tunani har ya cafe. Igiyar sanyi ƙalau, duk gansakuka.

"Ɗaura mana, mijin ƙanwata," in ji muryar, kamar mai magana da ruwa a baki. "Wannan karon ba za ta tsinke ba."

Sangkala ya dubi bakin igiyar. Yankan wuƙa ne, sumul. Ya buɗe hannunsa, ta ƙi faɗuwa.