Libarbar Baba Orval

Cikin hayaƙi Lorna ta fara ganin Dell, a filin harbinmu na bayan gari a nan Montana, inda duk Asabar muke taruwa da libarba irin ta da, masu cin baƙin albarushi. Ya harbe tasa, ya sake ɗurawa ya harbe, ita kuwa ko rami na biyu na gangar libarbarta ba ta gama danna wa dalma ba.

"Kai, gobara ake yi a gidanku?" ta ce.

Ya yi dariya. "Tawa an sauya mata ganga, harsashi take ci. Kawo in taya ki."

"Riƙe taimakonka, sarkin gaggawa."

Sunan ya bi shi. Kafin ƙanƙara ta sauka shi ke riƙe mata gwangwanin albarushi, ita kuma ta daina yi wa kanta ƙarya, son sa take yi kamar me.

Sai dai akwai mahaifinta, Baba Orval, tsohon makiyayi mai taurin kai. A wajensa ɗura bindiga tarbiyya ce: ka auna albarushi, ka danna dalma, ka ɗora 'yar hular tagulla mai tayar da wuta, rami bayan rami.

"Wanda bai iya haƙurin ɗura bindiga ba, shi zai yi haƙuri da mace? Kada in sake ganin motarsa a ƙofata."

Abin da tsohon ba ya faɗa shi ne, sanyin ƙashi ya murɗe masa yatsu. 'Yar hular nan ba ta kai ƙwayar masara ba, da ya ɗauka sai ta suɓuce. Ya daina harbi, sai dai ya zauna a benci yana kushe na wasu. Libarbar da marigayiya matarsa ta saya masa tana kwance a akwati. Wannan na cin ran Lorna.

Rannan ta ɗauki libarbar a ɓoye ta kai shagon Dell, inda yake gyaran injinan noma, don ya mayar da ita mai cin harsashi irin tasa. Da yamma ta tura masa saƙo:

"Sarkin gaggawa, wannan karon bi a hankali. Idan ka ƙwarzane ta, ni da kai mun rabu."

Ya amsa: "Zumata, zan riƙe ta yadda nake riƙe hannunki."

Akwai wani Boyd mai sayar da abincin dabbobi, wanda ya daɗe yana naci Lorna na kora. Ya leƙa shagon, ya ga bindigar a warwatse kan tebur, ai kuwa bai zame ko'ina ba sai wajen Baba Orval. Wai Dell ya sa mata zarto.

Da Lorna ta ji, ta ɗauko waya. Ba ta san yadda ake aikin ba, kuma ta taɓa ganin bindigogin da aka fafe wa gefe wajen irin wannan sauyi.

"Ka yanka ta?" ta rubuta wa Dell.

"Ki zo fili ranar Asabar da Baba."

Amsar ke nan fa! Haushi ya hana ta ɗaga wayarsa har ranar.

Baba Orval ya iso filin fuska a murtuke. "Ba ni kayan matata, ɓarawo."

"Ni na ɗauka, Baba," in ji Lorna.

Dell bai yi musu ba. Ya fito da bindigar, ya zare sandar da ke riƙe gangar, sabuwar gangar da ya sa mata ta faɗo tafinsa, ya mayar da tsohuwar ta zauna daram. Tsohon ya jujjuya bindigar, ya duba gaba ya duba baya. Ko ƙwarzane babu. Boyd, da ya zo kallo, ya sulale wajen motarsa.

"Sabuwar gangar na goge har ta shiga, Baba, bindigar ban taɓa ta ba. Harsasan ma da hannu na cika su, baƙin albarushi ne irin naka."

Ya miƙa masa ɗaya. Kauri gare shi kamar ɗan yatsa, hannun tsohon ya kama shi bai suɓuce ba. Da kansa ya ɗura shi a sabuwar gangar, Dell ya mayar masa da ita cikin bindigar, ya ɗaga ya ja kunama.

Ƙarar ta karaɗe fili, farin hayaƙi ya turnuƙe. Ko kusa da allon da ake harbi bai samu ba. Ya tsaya yana shaƙar warin, hawaye na bin gemunsa.

"Hayaƙi ne," ya ce, ba tare da kowa ya tambaye shi ba. Ya harari Dell. "Har yanzu bindigar malalata ce. Akwai sauran harsashin?"

"Akwati guda."

"To kawo shi gida gobe bayan coci. Ka zo da mahaifiyarka, mu yi maganar yarinyar nan."

Lorna ta faɗa jikin mahaifinta tana kuka tana dariya.

Da ciyawa ta yi kore aka ɗaura auren a gonar Baba Orval, aka gasa sa guda. Shi ya riƙo hannunta ya damƙa wa Dell, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Duk muka amsa da amin, har da Boyd.