Gawa a Tsohon Jujin Sojoji

Da hantsi aka kira Sufeto a waya, an tsinci gawa a tsohon jujin sojoji da ke bayan gari.

Wurin ya daɗe a kulle. Sojoji sun tashi sun bar fili kewaye da waya, ko ciyawa ba ta fitowa a tsakiyarsa. Unguwar da ke gangaren filin ta sha binne yara, har ƙaramar hukuma ta gaji da kukan iyaye, ta ba masana izinin shiga su ɗebi ƙasa da ruwa su gwada. Shugabansu, wanda ake kira Injiniya, ya riga kowa zuwa aiki da safen nan. Shi ne kwance a bakin wani rami.

Sufeto ya tsuguna. An buge shi da shebur a ƙeya. Kwalaben gwajin suna jere a akwati, na wannan ramin kaɗai aka farfasa. A ƙasan ramin ga bakin wata ganga mai tsatsa, tana tsiyayar da ruwa rawaya mai wari mai hawa kai. Kwaɗon ƙofa kuwa lafiyarsa ƙalau.

Daga nan ya wuce ofishin Sakataren ƙaramar hukuma.

"Makullin filin guda nawa ne?"

"Ɗaya ne tak, yallaɓai, kuma yana wajen marigayin."

"Na aljihunsa sabo ne fil, yankan kasuwa. Ina na asalin?"

Sakatare ya share gumi, fanka kuwa tana ta juyi a kansa.

"Yana hannun Saja. Tsohon soja ne, shi muka bar wa gadin wurin. Kawun matata ne, shi ya sa bakina ya yi nauyi."

Gidan Saja na cikin gangaren, ɗaki biyu da rijiya a tsakar gida. 'Yarsa na zaune a tabarma, ta ɗora ɗanta a cinya, yaron duk ya rame, idonsa ya faɗa. Tsohon ya fito hannuwansa naɗe da tsumma.

"Ina ka je da safe, Baba?"

"Asibiti. Jikana na raka."

Sufeto ya dubi 'yar. Ta daɗe tana kallon mahaifinta.

"Baba, ni kaɗai na kai shi," ta ce a hankali.

"Me ya sami hannunka?"

"Ruwan zafi."

"Kwance in gani."

Saja bai motsa ba. Sufeto ya warware tsumman da kansa. Fatar ta saluɓe, ta yi rawaya har cikin farce, warin nan na rami ya cika tsakar gidan. Shekarun Sufeto a aiki sun koya masa gane fuskar mai kisa, amma wannan fuskar ta mutumin da ya gaji ce kawai.

Tsohon ya zauna a bakin rijiya.

"Ni na binne gangunan, ina saurayi. Umarni aka ba mu, ba a gaya mana abin da ke ciki ba. Da na bar aiki na gina gida nan, na haƙa rijiyar nan da hannuna. Jikokina biyu na kai kabari, ina cewa ajali ne."

"Injiniya fa?"

"Ya nuna mini gangar, ya ce ruwanta rijiyoyinmu yake bi. Ya ce duk wanda ya binne ta, shi ya kashe yaran unguwar nan. Bai san da wa yake magana ba." Ya sunkuyar da kai. "Na hango ranar da za a faɗa wa 'yata. Sai kawai na ga shebur a hannuna. Daga baya na yi ta tura ƙasa da hannu a kan gangar, ta ƙi rufuwa."

'Yar ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki ɗanta ta shiga ɗaki, ta saki labule.

Sufeto bai sa masa ankwa ba, babu inda za ta zauna a hannun. Ya kama shi a gwiwar hannu har bakin mota. Can tsohon ya tsaya.

"Ɗana, ka ce wa masanan su dawo su ƙarasa gwajin."

Sufeto ya ce zai faɗa, kuma ya faɗa. Washegari ƙaramar hukuma ta janye izinin, wai sai an gama shari'a, aka sa wa filin sabon kwaɗo. Da Sufeto ya bi ta unguwar da yamma, ya tarar da mata a layi, suna jan ruwa a rijiya.