Irin Cittar da Kaka Ta Ba Ta

Akwai wata yarinya a Kafanchan, 'yar aji shida a firamare. Ba ta da ƙiwa, ba ta da rashin kunya. Matsalarta ɗaya ce, gaggawa. Ko kunu aka zuba mata, sai ta ƙona baki kafin ya huce.

Tana zaune da mamanta da kakarta a bakin gari, inda gidaje suka haɗu da gonaki. Kaka manomiyar citta ce. Shekarar da cuta ta faɗa wa citta, gonaki da yawa sun ruɓe. Amma Allah ya tsare wa Kaka wani ɓangare na tata. Tun daga lokacin take riritar irin nan kamar ƙwai.

Bayan Kirsimeti, Kaka ta ware ɗanyar citta daro guda. Ta zuba a gindin mangwaro, ta rufe da ciyawa.

"Jikata, wannan naki ne," in ji Kaka. "In ruwa ya sauka, za ki shuka a filin bayan gida. Amma ki ji da kyau. Iri ba na miya ba ne, ba na kasuwa ba ne. Ana cin amfanin gona, ba a cin iri."

"Na ji, Kaka."

Ta ji ɗin kuwa, amma da kunne ɗaya.

Wata Asabar sai ga Endurance, ɗan yayan mamanta, wanda yake karatu a jami'a. Ya zauna a kan benci yana kallon waya yana murmushi. Yarinyar ta leƙa. Ta ga wani koren layi yana hawa sama kamar dutsen Kagoro.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Kuɗi ne yake girma," in ji Endurance. "Kin san gayya?"

"Na sani mana. Mutane su taru su yi wa mutum ɗaya noma."

"Yawwa. To, wannan gayyar kwamfutoci ce. Wani yana da babban aiki. Maimakon ya sayi ƙatuwar kwamfuta, sai kwamfutocin mutane a ƙasashe daban-daban su raba aikin. Kowace ta yi kaɗan. Ana biyan su da kuɗin intanet, wanda ake kira kirifto. Ni kuɗin na saya na ajiye. Kullum tashi yake yi."

"Ba ya sauka?"

"Haba! Wannan? Kafin Ista zai ninka."

Yarinyar ta kalli wayar. Ta juya ta kalli gindin mangwaro. Nan take ta gama shawara da zuciyarta. Za ta sayar da irin, kuɗin ya ninka. Kafin ruwa ya sauka sai ta sayi iri daro biyu, har da sabon takalmin zuwa sujada. Kaka za ta yi mamaki!

Ba ta tambayi Mama ba. Ba ta tambayi Kaka ba. Ta san amsar da za su ba ta, shi ya sa.

Ranar da Mama da Kaka suka tafi taron zumuntar mata, ta kwashe cittar a buhu. Ta jera duwatsu a wurin, ta mayar da ciyawa yadda take. Ta tari keke mai ƙafa uku zuwa kasuwa. Kafin ta gama sauke buhun, wani ɗan kasuwa ya saye shi.

Ta kai wa Endurance kuɗin. "Na cittata ne," in ji ta. Shi kuwa bai tambaye ta wace citta ba. Ya danna waya, ya ce an gama.

Sati na farko layin ya hau. Yarinyar tana shara tana waƙa. Sati na biyu ya tsaya. A na uku sai ya zama ja, ya gangaro.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Maƙwabta suka fito da fartanya suna gyaran gona. Yarinyar ta ruga wajen Endurance.

"Yaya, ka ciro mini kuɗina. Zan sayi iri."

Endurance ya sosa ƙeya. "Ƙanwata, abin ya faɗi. Nawa ma ya tafi."

Abin da ya rage mata ko mudu ɗaya na iri ba zai saya ba. Ga shi iri ya yi tsada, don kowa nema yake. Garin neman gira ta rasa ido.

Washegari a makaranta ta kasa rubuta komai. Malam Leonard, malamin kwamfuta, ya lura da ita. Da aka fita tara, ya ce ta tsaya.

"Yau bakinki ya mutu. Lafiya?"

Sai hawaye. Ta faɗa masa komai, har da duwatsun.

"Malam, ashe gayyar kwamfutocin ƙarya ce?"

"Ba lallai ba ne," in ji shi. "Akwai na gaske, akwai na 'yan damfara. Amma ko na gasken ne, kuɗinsa yana hawa yana sauka. Babu wanda ya san gobensa. Babba ma sai ya yi bincike, kuma ba ya saka abin da ba zai iya rasawa ba. Ke kin iya rasa irin Kaka?"

"A'a, Malam."

"To, kin ga kuskuren."

"Me zan yi yanzu?"

"Ki faɗa mata da bakinki, kafin ta ɗaga ciyawar nan da hannunta."

Hanyar gida ba ta taɓa yi mata tsawo kamar ranar ba. Ta tarar da Kaka a tsakar gida tana wasa wuƙa a kan dutse.

"Yawwa, kin dawo. Gobe za mu yanka irinki. Zan nuna miki yadda ake barin ido a kowane yanki, don ta nan yake tsirowa."

Yarinyar ta durƙusa. "Kaka, babu iri. Na sayar, na ba Yaya Endurance kuɗin ya saka a waya."

Wuƙar ta tsaya. Mama ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Kin yi me? Irin da kakarki ta ceto daga cuta? Kin ba wa waya?"

Kaka ta tashi a hankali. Ta je gindin mangwaro ta ɗaga ciyawa. Ta daɗe tana kallon duwatsun. Yarinyar ta ji da ma dukan ta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kuɗin bai dame ni ba kamar duwatsun," in ji Kaka. "Kullum ina wucewa ta nan ina yi wa irinki addu'a. Ashe dutse nake yi wa."

"Ki yafe mini, Kaka."

"Na yafe. Amma nawa irin daidai gonata yake, ba zan rage ba. Ɗauko kwando."

"Ina za mu?"

"Roƙo. Ni zan yi sallama, ke za ki yi bayani."

Suka fara da gidan Mama Joanna. Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Kaka ta ba ni iri, na sayar na saka a kuɗin waya. Ya faɗi."

"Kai, yaran yanzu!" in ji Mama Joanna. Ta riƙe haɓa. Sai ta shiga bayan ɗaki ta dawo da citta cike da hannu biyu. "Karɓi. Shekarar cuta ko ƙwaya ɗaya ban tsira da ita ba. Kakarki ce ta ba ni. Wannan jikan nata irin ne."

Yarinyar ta ɗago ta kalli Kaka. Kaka tana kallon wani wuri, kamar ba da ita ake ba.

Suka je gidan Baba Zamani, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya yi dariya har da tari.

"Ni ma na taɓa sayar da akuyar babana don in sayi agogo," in ji shi. "Agogon bai yi wata ɗaya ba ya mutu. Miƙo kwandon." Shi ma nasa irin daga hannun Kaka ya fito.

Daga nan sai gidan Iya mai ƙosai. Suka same ta ta idar da sallar la'asar. Ta saurari yarinyar har ƙarshe.

"Alhamdu lillahi da kika faɗi gaskiya," in ji Iya. Ta zuba mata nata. "Alheri danƙo ne, 'yata. Ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Gida bakwai suka shiga. Sau bakwai yarinyar ta faɗi laifinta. A gida ɗaya ba su samu ba, don sun riga sun shuka nasu. Amma sauran kowa ya ba da ɗan abin da zai iya.

A hanyar dawowa kwandon yana kanta, ya yi nauyi. Zuciyarta kuwa ta yi sakayau.

"Kaka, ashe duk unguwar nan irinki ne?"

"Da a gindin mangwaro kaɗai na ajiye, da yau kin gama da shi," in ji Kaka. "Na ajiye a gidajen mutane."

Yarinyar ta gyara kwandon a kanta. Sai ta ce, "Kaka, wannan ma gayya ce."

"Ita ce tamu. Mun daɗe da ita kafin a yi waya."

Da safe sai ga Endurance da garma a kafaɗa. Mama ta riga ta wanke shi tas a waya. Ya durƙusa a gaban Kaka.

"Kaka, laifina ne. Na karɓi kuɗin yarinya ban tambaya ba."

"Tashi ka kama aiki," in ji Kaka. "Bari mu gani ko hannun da ya iya danna waya ya iya garma."

Ya yi huɗa har tafinsa ya yi kanta. Kaka ta koya wa jikarta yankan iri. Suka shuka, suka rufe da ciyawa. Irin bai cika filin ba. Gefe ɗaya ya zauna babu komai, kuma yarinyar ta san dalili. Sabon takalmin ma ba a yi maganarsa ba.

Ruwa ya sauka sosai. Bayan 'yan makonni, wata safiya yarinyar ta fito za ta makaranta. Sai ta ga koren tsiro ya huda ciyawa, nan da can, kamar tsinken tsintsiya.

"Kaka! Mama! Ya fito!"

Suka zo da sauri. Mama ta ɗaga hannu ta ce, "Mun gode wa Ubangiji."

Yarinyar ta rungume Kaka. "Na gode, Kaka. Ban san yadda zan gode wa mutanen nan ba."

"Na sani ni," in ji Kaka. "In mun haƙa a kaka, za ki sake ɗaukar kwandon nan. Amma wannan karon a cike za ki fita da shi, ki dawo da shi babu komai."

Haka kuwa aka yi. Da aka haƙe citta, ta zaga gidajen nan duka bakwai, har da wanda bai samu ya ba ta ba. A kowace ƙofa ta durƙusa ta ce, "Na gode."

Ta koyi darasinta. Kada ka saka abin da ba za ka iya rasawa ba a cikin abin da ba ka gane ba. Ka tambayi manya tukuna. In kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri.

Da ta dawo, ta ware nata irin a gindin mangwaro, ta rufe da ciyawa. Kaka ta zo ta ɗaga gefe ɗaya ta leƙa.

"Duba nake ko dutse ne," in ji ta.

Suka fashe da dariya su biyu.